Amsa ga ɗan koyo kan muryar da aka kawo shago

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na mayar da aikin mutumin da ya kawo sautin murya, wai ta manajan wani kamfanin man girki ce yana amsa cewa suna gauraya mansu, mutumin yana so mu ɗora ta a kan hoton kamfanin, mu sa mata fassara da Faransanci da Fillanci. Ka ce mu masu haɗa bidiyo ne, ba alƙalai ba, kuma ga kuɗi a hannu.

Abin da ya kawo, a yadda yake, ba shi da ƙarfi. A yau, da ƙirƙirarriyar basira (AI), ɗan guntun maganar mutum da aka ciro daga hirar rediyo ya isa a kwaikwayi muryarsa, a sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Abin da zai sa jama'a su gaskata shi ne aikin hannunmu: tambarin da za mu daidaita, sautin da za mu tace, rubutun da zai fito tsaf kamar na gidan talabijin. Wannan ne ya zo saye, kuma shi na hana shi.

Kada ka ɗauka marasa ilimi kaɗai ake ruɗa. A 2024, wani ma'aikacin kamfanin injiniya na Arup a Hong Kong ya tura kimanin dala miliyan 25 bayan wani taro ta bidiyo, inda fuskoki da muryoyin shugabanninsa duk na bogi ne. A watan Mayun 2023 kuma, hoton ƙarya na fashewa kusa da Pentagon, hedikwatar tsaron Amurka, ya girgiza kasuwar hannun jarin Amurka na ɗan lokaci.

Can an ƙaryata da wuri, kasuwa ta farfaɗo. Amma kamfanin da ke nan Garwa a Kamaru, jarinsa yardar masu shaguna ce da matan da ke soya ƙosai, kuma da zarar bidiyo ya shiga WhatsApp da safe, kafin la'asar ya kai Marwa da Ngaundare, dillalai sun fara mayar da kaya, sanarwar ƙaryatawa kuwa ba kowa zai tura ta ba. Abin da ya fi damuna shi ne, mutanen da aka yaudara da murya za su daina gaskata murya, har ranar da jami'an lafiya za su yi gargaɗi na gaskiya kan kwalara a ce shi ma haɗi ne.

Akwai kuma doka. Dokar Kamaru ta 2010 kan laifukan intanet ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2, ko tarar sefa miliyan 5 zuwa 10, ga wanda ya yaɗa labarin da ba zai iya tabbatarwa ba.

Idan irin wannan aiki ya sake zuwa, kada ka dogara da kunnenka, domin na'urar kwaikwayon murya ta riga ta wuce kunne. Tambayi wanda ya naɗi sautin, da wurin, da ranar, ka nemi ainihin fayil ɗin daga wayar da aka naɗa, sannan a kira mai muryar ta lambar da mu muka nemo da kanmu. Idan ta tabbata gaskiya ce, ka raka mutumin wurin hukumar da ke binciken abinci, su ɗebi man su gwada.