Amsa kan gyaran tsarin filaye bayan taron jin ra'ayi

Ɗan'uwa, ka ce ƙaramar hukumarku ta kira taro kan tsarin yanka gonakin bayan gari zuwa fulotai, kun yi ƙorafi, an ce za a gyara, kana tambaya ko gyaran zai yi tasiri.

Ka fara gano ko wurin yana cikin yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni. A dokar amfani da ƙasa ta 1978, filin birni yana hannun gwamna, ikon ƙaramar hukuma a karkara yake. Idan garinku ya shiga birni, ciyaman ba shi da ta cewa, sai ku nufi ma'aikatar ƙasa ta jiha da hukumar tsara birane, kamar KNUPDA a Kano.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar baki. A taro kowa ya yi magana, a watse, babu abin da ya shiga takarda. Ku rubuta ƙorafinku, dagaci da masu gonaki su sa hannu, a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Ku nemi sabuwar taswirar ku ɗora ta kusa da tsohuwar: burtali yana nan? Maƙabarta da hanyar ruwa fa? Nan ake cin mutane.

Kuma ku sani, idan aka karɓe gona don amfanin jama'a, diyyar da dokar ta tanada ta amfanin gona ce da bishiyoyi da gini. Ku ƙirga itatuwanku, ku ɗauki hotonsu tun kafin masu awo su iso.