Kafin ka ɗora wa madabod laifin ƙara

Ka ce mini: "Oga, kwamfutar teburin nan tana wata ƙara siririya daga ciki. Na kasa kunne, kamar daga madabod take fitowa. In canza ta, ko akwai abin da zan fara dubawa?" To, ɗana, ajiye sukudireba tukuna. Akwatin kwamfuta ƙarfe ne, yana amsa amo, ƙarar da ta taso daga wannan lungu sai ka rantse daga wancan take. Fawa fak mai raba wa injin wuta, katin hoto, fanka, had dis, har lasifika, kowanne yana iya yin kukan da za a ɗora wa madabod, wato babban allon da ake jona sauran kayan a kansa. Ita ce ta ƙarshe da nake tuhuma, ita ce kuma ta fi wahalar canzawa.

Abin da zan fara tambayarka shi ne wace irin ƙara ce. In tas-tas take yi, ko cir-cir irin ta tartsatsin wuta, ballantana in hancinka ya jiyo ƙaurin roba, babu sauran saurare. Zare filogi daga bango. Na ce daga bango, domin danna maɓallin gaba ba ya raba madabod da wuta. Muddin filogi na ciki, kuma makunnin bayan fawa fak na kunne, akwai 5V da ke zaune a kanta tana jiran umarni, ita ce ke kan waya mai ruwan shanshanbale. Bayan ka zare, ka danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci, sauran wutar da ta maƙale ta fita.

Sannan ka ɗauko tocila, gani ya kori ji. Ciro babban filogin nan mai ƙafa 24, da ƙaramin mai ƙafa 8 ko 4 da ke kusa da furosesa, ka leƙa ramukansu. Robar da ta yi ruwan ƙasa ko ta narke ta gama ba ka labari. Furosesar da ke shan wat 100 tana jan fiye da amfiya 8 a layin 12V, to ƙafa ɗaya ta yi sako-sako, nan zafi zai taru har wurin ya ƙone. Ka duba ko wani noti ya faɗa bayan bod ɗin, ko an bar ƙafar tagulla a inda babu ramin noti, tana gogar dalma daga ƙasa. Mai haɗa kwamfuta da gaggawa ya saba barin wannan. Sai kafasitoci masu siffar gwangwani: samansu ya kasance a shafe. Tsagar da ka gani a kansu mai kama da X ko K an yi ta ne don su fashe ta nan in iska ta taru a ciki. Wanda ya kumbura, ko ya fitar da busasshen abu mai ruwan ƙasa, ya mutu, kuma wani lokaci yakan yi huci kafin ya kai ga haka. Kwamfutocin farkon shekarun 2000 sun sha wannan cuta sosai.

In babu ƙauri, babu tartsatsi, sai a koma farautar inda ƙarar take. Buɗe murfin gefe, ka kunna, ka naɗe takarda mai kauri ta zama bututu, baki ɗaya a kunnenka, ɗayan kana yawo da shi sannu a hankali a kan kayan ciki. Kada ka yi da ƙarfe. Fanka kuwa ka ɗora yatsa a tsakiyarta, ba a fukafukai ba, ka tsayar da ita na daƙiƙa ɗaya ko biyu. In ƙarar ta ɗauke, ka kama ɓarawonka. Ta cikin fawa fak ban yarda ka cusa mata komai ba. Had dis ka kashe injin, ka cire masa wuta, ka sake kunnawa. In shi ne ke ƙas-ƙas, kwashe bayanan mai kaya ya riga kowane gyara.

Yanzu ga wadda nake kyautata zaton ita ka ji: tsiii siririya kamar kukan sauro. Wannan kukan koyil ne. Furosesa ba ta shan 12V, abin da take so bai wuce 1V da ɗan wani abu ba. Ƙananan akwatunan nan masu ruwan toka ko baƙi da suka jeru a gefen mazauninta, su ne koyil, waya ce naɗe a cikinsu. Turansistocin da ke kusa da su suna datse wutar suna sakinta sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa guda, koyil kuma yana daidaita ta. Duk datsewa ƙarfin maganaɗisun cikinsa yana canzawa, wayar ta ɗan girgiza. Kunnen mutum ba ya wuce 20,000 Hz, wato girgiza 20,000 a daƙiƙa, don haka asalin wannan saurin ba a jinsa. Amma in furosesa tana barci tana farkawa, jan wutarta na hawa yana sauka, girgizar takan faɗo inda kunne ke kamawa. Ƙananan kafasitocin tangaran ma sukan yi hakan. Af, in ka ce kana ji ni ban ji ba, ba zan ƙaryata ka ba. Siririyar ƙara ita ce ta farko da shekaru ke ƙwace wa kunne, naka ya fi nawa a nan.

Alamar kukan koyil ita ce yana bin aiki. Motsa maus, ja shafi sama da ƙasa, buɗe manhaja mai nauyi, ka ji ko muryar ta canza. In tana yi lokacin da kwamfuta ke zaune ba aiki, shiga BIOS, shafin saitin madabod da ake shiga lokacin kunnawa, ka kashe C-states, wato matakan barcin furosesa. Ta yi shiru, ka tabbatar. Sai dai ni gwaji na ɗauke shi, domin barinsa a kashe yana ƙara shan wuta da zafi. In kuwa sai an buɗe wasa take tashi, katin hoto ne, musamman a shafin farko inda yake zuba hotuna ɗaruruwa a daƙiƙa ba gaira ba dalili. Kunna V-Sync, mai daidaita hotunan da saurin allon kallo, ko ka ƙayyade adadin hotunan, sau da yawa ya wadatar.

Kada ka yanke hukunci ba ka gwada wani fawa fak mai lafiya ba. Shi ma cike yake da koyil da taransifoma, kuma in wutarsa ba ta da tsabta yakan sa madabod da katin hoto kuka alhali lafiyarsu ƙalau. Ƙarar da ke ci gaba bayan an kashe kwamfuta, filogi na bango, galibi tasa ce. Sa mitar awon wuta a wayoyinsa: baƙar waya ita ce ƙasa, rawaya 12V, ja 5V, ruwan lemo 3.3V. Ƙa'idar ATX, wadda aka daɗe ana ƙera fawa fak a kanta, ta yarda da kashi 5 cikin 100 sama ko ƙasa, wato rawaya tsakanin 11.4 da 12.6, ja tsakanin 4.75 da 5.25. Amma mita ba ta nuna ƙananan rawar da ke kan wutar, shi ya sa musanyawa ta fi awo gaskiya. Cikin fawa fak kuma ba wurinka ba ne yanzu. Babban kafasitansa yana iya riƙe sama da 300V bayan an zare filogi.

Gurnani mai kauri daga lasifika wani abu ne daban, wutar bango ce ta 50 ko 60 Hz ke kutsawa, yawanci saboda matsalar wayar ƙasa. Cire lasifikar ka ji. In ta abin saurare na kunne kake jin tsiii, koma ramin baya, domin wayar ramin gaba tana ratsa cikin akwati tana kwasar hayaniya. Fiif-fiif na lokacin kunnawa kuwa saƙon BIOS ne, ka ƙirga ka duba littafin bod ɗin.

In duk ka bi waɗannan, bututunka ya tsaya cak a kan koyil na gefen furosesa, injin ba ya mutuwa da kansa, ba ya daskarewa, to ka gaya wa mai kaya gaskiya: ƙarar tana da ban haushi amma ba alamar lalacewa ba ce. In da sauran garanti ya gwada mayarwa, ko da yake kamfanoni da dama ba sa ɗaukar wannan a matsayin aibi. Wasu suna tsiyaya gam a kan koyil. A kan na zamani da aka rufe ruf bai cika yin amfani ba, tunda girgizar a ciki take, kuma garantin ya tafi ke nan. Kada ka yi a kan kayan mutane sai mai shi ya ji wannan da kunnensa ya amince.