Ma'aunin aiki ya ce makulli ne ke cinye lokacin kanel ɗina

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina rubuta ƙaramin kanel (zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta) na x86-64 don aikin kammala karatuna. Na sa katsewar agogo (siginar da ke katse CPU lokaci-lokaci) ta riƙa duba inda injin yake a kowane bugu, sai sakamakon ya nuna kusan duk lokacin a wurin sakin makulli (abin da ke hana CPU biyu taɓa bayanai ɗaya a lokaci guda) yake tafiya. Sawun kiran ma, wato jerin ayyukan da suka kira juna, a guntule yake fitowa. Abokai sun ce in sake rubuta makullin da Assembly, ga shi saura mako biyu in gabatar. Wallahi barci ya gagare ni.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, kwantar da hankalinka, kuma kada ka taɓa makullin nan.

Sawun kira mai sauƙi ne. A matakin ingantawa na -O2, GCC, mai fassara lambobinka zuwa harshen inji, yana mayar da RBP, rajistar da ake bin sawun kira da ita, rajistar aiki kamar sauran, shi ya sa sawun ke guntulewa. Sa -fno-omit-frame-pointer, ka bi RBP ɗaya bayan ɗaya, kana tabbatar da kowane adireshi bai fita daga stak ba. Linux ta kawo ORC, hanyar bin sawun kira ba tare da RBP ba, a 4.14, shekarar 2017, amma mako biyu ba na wannan ba ne.

Shawarar abokanka kuwa ita ce ke ƙona min rai, don kullum sai na ji ta. An bar jaki ana dukan taiki. Katsewar agogo ana iya toshe ta. Da ka yi cli (umarnin toshe katsewa) ka kama makulli, agogo ya makance. Bugun da ya zo sai ya tsaya a bakin ƙofa har ka yi sti (umarnin buɗe katsewa). Ina sti ɗin yake? Wurin sakin makulli! Duk nauyin aikin da aka yi a ɓoye sai a rubuta shi da sunan wanda ya buɗe ƙofa. Ko perf, ma'aunin aiki na Linux, in aka sa shi a injin bogi (kwamfutar da manhaja ke kwaikwayo) marar PMU, wato sashen CPU mai ƙirga ayyuka, haka yake jibge laifi kan _raw_spin_unlock_irqrestore. Masu bidiyon “sa kanel ya yi gudu” ba sa faɗin wannan, sai yaro ya lalata makulli lafiyayye, kanel ya riƙa sandarewa ranar gabatarwa.

Ka sa ma'ƙirgin PMU ya aiko da NMI (katsewar da ba a iya toshewa) ta APIC, mai isar da katsewa ga CPU, domin ita cli ba ta tare ta. Amma a cikin NMI ba ka kama makulli, ba ka buga komai a allo. Mai riƙe da makullin zai iya zama wanda ka katse. Zuba samfurin a ma'ajiyar da kowane CPU ke da tasa. In a QEMU (manhajar injin bogi) kake, kunna KVM, mai bai wa injin bogi damar amfani da ainihin CPU, tare da -cpu host, in ba haka ba ma'ƙirgin ma ba za ka same shi ba.