Diski Ya Ƙi Karɓar Fomat: Ina Matsalar Take?

Tambaya daga Garwa: Assalamu alaikum. Ina da diski na waje mai 1TB, irin ƙaramin nan da ke shiga aljihu. Na so in goge shi kakaf in zuba sabon aiki, amma duk sanda na danna fomat (goge diski a sake tsara shi) sai ya ɗan taɓa tafiya ya cije, kwamfuta ta rubuto "Windows n'a pas pu effectuer le formatage". Na gwada ya fi sau biyar. Ya mutu ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka dakata da maimaitawar nan tukuna. Saƙon bai gaya maka dalili ba, iyakarsa ya ce aiki bai kammala ba. Kuma in diskin ciwo gare shi, kowane gwaji ƙara masa wahala yake yi.

Fara da wuta. Ƙaramin diski mai inci 2.5 ba shi da cajarsa, daga ramin USB yake shan wutar da ke juya faifan da ke cikinsa. Ramin USB 2.0 yana ba da 500mA, na USB 3.0, wanda galibi cikinsa shuɗi ne, yana ba da 900mA. Kwafe ƙaramin fayil ba ya nuna wannan gibin, amma fomat aiki ne mai tsawo, da wuta ta ɗan yi ƙasa diskin zai katse ya dawo, Windows kuma ta saki aikin. Ka cire shi daga abin nan mai raba rami ɗaya zuwa huɗu, ka sa shi kai tsaye a jikin kwamfuta. In ta tebur ce, ka yi amfani da ramukan baya, don na gaba da siririyar waya aka jawo su. In ta hannu ce, ta kasance a jone da caja. Sannan ka canja kebul, ka samo gajere mai kauri. Bakin nan mai faɗi da ke shiga jikin diskin yana saurin sakwarkwacewa, ga ƙurar hunturu da ke taruwa a ciki. Ka ɗan motsa shi da yatsa: in fitilar diskin ta ƙifta ko kwamfuta ta yi ƙarar cirewa, ka kama ɓarawonka.

Sai ka kara kunnenka a jikinsa. Lafiyayyen diski gunji yake yi a hankali, bai ɗaya. In ka ji ya tashi ya mutu, ya tashi ya mutu, yawanci ƙarancin wuta ne. In kuwa ƙas-ƙas-ƙas kake ji ba ƙaƙƙautawa bayan ka canja kebul da rami, allurar da ke karanta faifan ce ta samu matsala, kuma babu manhajar da ke gyara wannan.

In ƙarar lafiya lau, ka sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce. Tana karanto rahoton da diskin ke ajiyewa game da lafiyar kansa. Shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa a fara neman wani. Layuka uku za ka duba: 05, adadin gurabun da suka lalace har diskin ya musanya su, C5, waɗanda ya kasa karantawa yana jira, da C6, waɗanda suka gagara gyara. A duba lambar da ke can ƙarshen layin, ana so a ga sifili. In C5 na ƙaruwa tsakanin safe da yamma, ko fomat ya yi nasara kada ka ba wa diskin nan amanar abin da ba ka da kwafinsa. Manhajar tana nuna zafinsa ma. A Garwa cikin Maris da Afrilu, inda inuwa kanta ke haura digiri 40, diskin da aka ɗora kan katifa yana aiki zai wuce 50 ba wuya. A ɗora shi kan tebur ko siminti, fanka na kaɗa shi.

To, wuta ta isa, rahoto shuɗi ne, amma har yanzu ya ƙi? Saura teburin da ke farkon diskin, wanda ke bayyana yadda aka kasa shi. In ya rikice, sai a share shi a sake sabo. Ka rufe duk tagar da ke nuna abin da ke cikin diskin, ka cire kowane filashi da katin ajiya. Ka nemo Invite de commandes, tagar da ake rubuta wa Windows umarni, ka danna dama, ka zaɓi Exécuter en tant qu'administrateur, wato buɗewa da cikakken iko. Ko da Windows ɗinka na Faransanci ne, umarnin ba ya canjawa. Rubuta diskpart, manhajar Windows mai tsara diski, sannan list disk don ta jero maka diskokin da ke jone. Naka mai 1TB zai fito da 931 GB, kuma ba cuta aka yi maka ba, kamfani da dubu yake lissafi, Windows da 1024.

Nan ne wurin taka-tsantsan. Galibi Disque 0 shi ne na cikin kwamfutarka. A ce naka ya fito a lamba 1, ka rubuta select disk 1, ka bi shi da detail disk, ka tabbata ka ga sunan kamfanin diskin da kalmar USB. Umarnin da ke biye, clean, shi ne mai share teburin, kuma ba ya tambayar ko ka tabbata. Sai ka rubuta waɗannan, kana danna Entrée bayan kowanne:

clean
create partition primary
format fs=ntfs quick
assign

Wanda diskinsa ya haura 2TB ya sa convert gpt bayan clean, don tsohon tsarin teburin, MBR, a 2TB yake tsayawa. In clean ɗin kansa ya faɗi da "contrôle de redondance cyclique" ko kuskuren E/S, wato an kasa karatu ko rubutu a diskin, laifin ba na Windows ba ne. Akwai dabara ɗaya da ta rage: a buɗe kwanson a gani. Da yawansu diskin SATA ne, irin wanda ke cikin kwamfutar hannu, aka maƙala wa ɗan ƙaramin allo mai mayar da shi USB, kuma allon kan mutu ya bar diskin da ransa, sai a saya masa sabon kwanso. Wasu samfuran, kamar yawancin WD My Passport, bakin USB a jikin allon diskin aka like shi, waɗannan ba sa karɓar wannan dabara.

Kalmar quick, mai sa a yi fomat na sauri, kada ka cire ta daga umarnin sai da dalili. Tun daga Windows Vista, cikakken fomat sifili yake rubutawa a kan diskin gaba ɗaya. A ramin USB 2.0, mai tafiyar kusan 30MB a daƙiƙa, 1TB zai ci wajen awa tara. Wanda bai da tabbacin wuta na awa tara, ya san abin da zai tarar.

Tambaya daga Marwa: Nawa cewa yake "Le disque est protégé en écriture", wato an hana rubutu a kansa. Ban sa masa makulli ba.

Amsa: A cikin diskpart, bayan ka zaɓi diskin, rubuta attributes disk clear readonly, ka cire shi ka mayar. In kwamfutar ofis ce, mai yiwuwa an hana ta rubutu a kan USB, ka gwada a wata. In kuma SSD ne, diskin da ba shi da faifai mai juyawa, ya ci gaba da ƙi a ko'ina, wasunsu kan kulle kansu idan sun kusa ƙarewa, su bar karatu kawai. Kwashe kayanka tun yana bari.

Tambaya daga Ngaundere: Ni ban nemi fomat ba, kwamfutar ce ke cewa sai na yi kafin in buɗe. Hotunan bikin 'yata na ciki, ba ni da su a wani wuri.

Amsa: Hajiya, Annuler, wato fasa, za ki danna, ko sau nawa ta tambaya. Wannan yakan biyo bayan fizge kebul ana cikin rubutu, ko ɗaukewar wuta. In aka duba Gestion des disques, wurin da Windows ke nuna diskoki, za a ga an rubuta RAW: Windows ta kasa gane tsarin, amma sau da yawa hotunan na nan daram. Kada ki bari mai gyara ya taɓa clean ko fomat, chkdsk kuma, umarnin Windows na duba diski da gyara shi, ba ya aiki a kan RAW. Ya fara da manhajar TestDisk, wadda kan iya nuna fayilolin da sunayensu a kwafe su. In ta gaza, manhajar PhotoRec za ta tsinto hotunan, sai dai ba suna ba folda, sai kin zauna kin tantance. Duk abin da aka ceto a wani diski dabam za a zuba shi, ba a kan mara lafiyar ba. In kuma yana ƙas-ƙas, a kashe shi, wannan ya wuce aikin manhaja.

Tambaya daga Injamena: Ina tura wa mutane fina-finai. Na sayi diski mai 2TB a jaka takwas. Fomat ya ƙi ƙarewa, finafinan da na zuba kuma rabi ba sa buɗewa.

Amsa: Ɗan'uwa, araha ba ta ado. Alamun jabu ne: ɗan ƙaramin filashi ake sakawa a kwanso, a shirya shi ya riƙa shaida wa kwamfuta girman da ba shi da shi. Da ka wuce ainihin cikinsa, sunan fim zai fito amma babu komai a ƙarƙashi. Manhajar H2testw za ta cika shi da bayanai ta sake karantawa, ta faɗi gaskiyar girmansa. Ba sai ka gwada duka ba, ka ba ta 100GB, yawancin na jabu kafin nan asirinsu ya tonu. Ka ɗauki hoton sakamakon ka koma wa mai shagon da shi. Idan ka samu na gaske, wajen zaɓar tsarin fomat ka guji FAT32, don ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai 4GB. NTFS ya dace in Windows kaɗai kake amfani da ita, exFAT in diskin zai riƙa zuwa kan Mac. Na talabijin ko dikoda kuwa, ka duba takardar na'urar kafin ka zaɓa, tsofaffi da dama ba sa ganin exFAT.