Hukuncin Miƙa Makarantun Gwamnati ga Kamfanoni da Yajin Aikin Malamai a Kan Hakan

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni malami ne a wata sakandaren gwamnati da ke unguwar talakawa a cikin babban birni. Hukuma ta ce makarantarmu da wasu irinta sun gaza, don haka za ta damƙa su ga wani kamfani ya gudanar da su, shi kuma ya ɗauki malaman da ya ga dama bisa sabbin sharuɗɗa. Ƙungiyarmu ta malamai ta kira taro don kaɗa ƙuri'ar yajin aiki. Tsakanina da Allah makarantar ta lalace, kuma a cikinmu akwai waɗanda ba sa shiga aji, amma ƙungiya tana kare su. Shin abin da hukuma take shirin yi ya halatta? Ni kuma ya halatta in goyi bayan yajin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalansa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, makarantar da aka gina da dukiyar baitulmali ba mallakin wanda yake kan kujera ba ce. Amana ce a hannunsa, kuma malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa duk abin da shugaba zai zartar a kan talakawansa yana rataye ne da maslaharsu: in ya dace da ita ya zartu, in ya saɓa mata ba shi da ikon yin sa. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Abyad ɗan Hammal ya roƙi Annabi (SAW) ya yanka masa mahaƙar gishirin Ma'arib, ya kuwa yanka masa. Da ya juya sai wani a majalisin ya ce da Annabi abin da ya ba shi tamkar ruwa ne mai ɓuɓɓuga wanda ba ya yankewa, nan take Annabi ya karɓe kyautar. Malamai sun fahimci daga nan cewa abin da jama'a duka suke buƙata ba a mallaka wa mutum ɗaya shi. Buƙatar ɗan talaka ga makarantar unguwarsu, wadda ba shi da wata in ba ita ba, ba ta gaza buƙatar mutanen wancan zamani ga gishiri ba. Saboda haka sayar da gini da filin makaranta kacokan ga ɗan kasuwa, ya sanya kuɗin da ya so, ya ɗauki wanda ya so, alhali ba a tanadar wa yaran wurin wata makaranta kyauta mai kama da ita ba, bai halatta ba. Idan kuwa filin waƙafi ne, haramcin ya fi tsanani, domin sharaɗin da Umar ɗan Khaɗɗabi ya rubuta a waƙafinsa na Khaibar, kamar yadda Bukhari da Muslim suka kawo, shi ne ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado.

Sai dai abin da ka bayyana ba sayarwa ba ne. Makaranta tana nan mallakin gwamnati, kuɗi daga baitulmali yake fitowa, kamfani kuma an ɗauke shi ne ya tafiyar da aiki. Wannan a fiƙihu ijara ce da ta haɗu da wakilci, kuma asalinta halacci ne. Karɓar ladan koyarwa ba laifi ba ne. Imam Malik ya halatta shi har a kan koyar da Alƙur'ani. Fursunonin Badar waɗanda ba su da kuɗin fansa an sa su koya wa yaran Ansar rubutu, alhali ko Musulmi ba su ne ba. Dalilin da ya fi kusa da mas'alarka shi ne Khaibar: bayan an ci ta a shekara ta 7 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya bar gonakinta a hannun Yahudawa su noma a kan rabin amfanin da ya fito. Amma a lura da yadda ya yi. Ya ce musu zai bar su a kan hakan gwargwadon lokacin da Musulmi suka ga dama, wato ikon warware yarjejeniya bai bar hannunsa ba, sannan yana tura Abdullahi ɗan Rawaha ya ƙiyasta amfanin gona, wato ido bai ɗauke daga kansu ba. Duk kwangilar da ta rasa waɗannan biyu ba ta da rabo a wannan dalili.

Akwai kuma gargaɗin da bai kamata a tsallake ba. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, ya shawarci Halifa Harunar Rashid da kada ya ba wa 'yan kwangila karɓar harajin ƙasa, domin ɗan kwangila ba abin da ya dame shi sai rarar da za ta rage masa, kuma ba ya samun rarar sai ya matse talaka. Illar da ya hango ita ce dai ake tsoro a nan. Kamfanin da ake biyansa bisa kan kowane yaro, ko bisa sakamakon jarrabawa, yana da hanyoyin riba da ba su da alaƙa da ilimi: ya rage malamai ƙwararru ya ɗauko masu arha, ya kauce wa yaro mai naƙasa ko mai nauyin fahimta domin ɗawainiyarsa ta fi yawa, ko ya kori raunana gab da jarrabawa don alƙaluma su yi kyau.

Tunda hukuncin ya dogara ga maslaha, wajibi ne a dubi abin da ya faru a wuraren da aka gwada. A 2002 an miƙa makarantu 45 na birnin Filadelfiya a Amurka ga masu gudanarwa na waje, kamfanin Edison shi kaɗai ya karɓi 20. Binciken da cibiyar RAND ta fitar a 2007 ya nuna ɗaliban waɗannan makarantu ba su zarce sauran ɗaliban birnin a ci gaba ba, duk da ƙarin kuɗin da aka ba masu kwangilar. A Suwidin, inda aka buɗe wannan ƙofa tun 1992, kamfanin JB Education ya karye a 2013, dubban ɗalibai suka wayi gari makarantunsu na neman mai saye ko mai rufewa. A Laberiya an ba masu gudanarwa takwas makarantu 93 a 2016. Karatu ya ɗan ƙaru, amma an samu inda aka ƙayyade yawan yara a aji, waɗanda suka yi rara aka sallame su. Ƙasar Chile, wadda ta fara biyan makarantu masu zaman kansu bisa kan yaro a 1981, ita da kanta ta yi doka a 2015 ta hana neman riba da tace ɗalibai a makarantun da ke cin kuɗin gwamnati. A ɗaya ɓangaren kuma, bayan guguwar Katrina ta 2005 an miƙa kusan duka makarantun birnin New Orleans na Amurka ga hukumomi masu zaman kansu, galibinsu ba na neman riba ba, kuma masu bincike na Jami'ar Tulane sun tabbatar sakamakon ɗalibai ya tashi. Sai dai an sallami ma'aikatan makaranta fiye da 7,000, kuma kuɗin da ake kashewa a kan kowane ɗalibi ya ƙaru. Wanda ya ce miƙawa magani ce tabbatacciya bai faɗi gaskiya ba, haka ma wanda ya ce kullum ɓarna ce.

Don haka abin da nake gani shi ne miƙa gudanarwar ya halatta idan karatu ya ci gaba da zama kyauta, ƙofa a buɗe ga kowane yaron unguwa ba tare da tacewa ba, aka zaɓi kamfanin a fili bisa ƙarfi da amana kamar yadda aya ta 26 ta Suratul Ƙasas ta siffanta wanda ya fi cancanta a ɗauka aiki, aka fayyace wa'adi da lada da abin da ake jira daga gare shi don kauce wa garari, wato rashin tabbas a cikin yarjejeniya, kuma hukuma ta riƙe ikon bincike da ikon ƙwacewa. Idan jami'in da ya sa hannu yana da hannun jari a kamfanin a ɓoye, wannan ha'inci ne, kuma kwangilar ta cancanci a rushe ta. Ina ƙara da cewa hukumar da ta bar rufi yana yoyo shekara da shekaru, ta hana littattafai, sannan ta dawo ta kafa hujja da lalacewar da ita ta jawo, ba ta kuɓuta daga tambayar Allah don ta sa hannu a takarda ba. Wanda ya wakilta wani, nauyin yana nan a wuyansa.

Game da haƙƙinku kuwa, Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida a cika alkawura, kuma a hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito, cikin mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar ƙiyama akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aikinsa cikakke, ya hana shi ladansa. Albashin da aka riƙe, da fansho da giratutin da kuka tara, bashi ne a kan gwamnati, canjin mai gudanarwa ba ya goge shi. Sallamar malamai a dunƙule, na kirki da na banza, don kawai a karya ƙungiyarsu, zalunci ne.

Ƙungiyar ƙwadago a kan kanta halal ce. Annabi (SAW) ya halarci ƙawancen Hilful Fudul a gidan Abdullahi ɗan Jud'an tun kafin annabta, inda wasu dangogin Ƙuraishawa suka yi alkawarin tsaya wa wanda aka zalunta har a mayar masa da haƙƙinsa, kuma bayan zuwan Musulunci ya ce da za a kira shi zuwa irinsa da ya amsa. Malami ɗaya ba shi da muryar da hukuma ko kamfani za su saurara, kuma sau da yawa ƙungiya ce kaɗai take iya tilasta a fito da takardar kwangila kowa ya karanta. Amma magabata sun san haɗin kan masu sana'a yana da wata fuskar. Ibn Taimiyya ya kawo cewa Abu Hanifa da almajiransa sun hana masu rabon gidaje da filaye a kan lada su haɗe kansu, domin idan suka haɗe alhali mutane ba su da makawa sai su, za su tsauwala farashi. Abin da aka hana a can shi ne a mayar da buƙatar jama'a makami a kansu. Abin da ka faɗa da bakinka, cewa ƙungiya tana kare wanda ba ya shiga aji, daga wannan babin yake. Malamin da ya ci albashin darasin da bai koyar ba haram ya ci, kuma wanda ya tsaya masa ya yi taimakekeniya a kan zunubi. Annabi (SAW) ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, ya kuma fassara taimakon azzalumi da hana shi zaluncin. Kariyar da Shari'a ta yarda ƙungiya ta ba irin wannan mutum ita ce a saurare shi kafin a hukunta shi, ba ta wuce nan ba. Kuma ka sani, kowane malami irin wannan da kuka rufa wa asiri hujja ce kuka miƙa wa masu son a damƙa makarantar ga kamfani.

Yajin aiki malaman zamani sun yi saɓani a kansa. Wasu sun hana, suna cewa saɓa yarjejeniya ne kuma ƙofar fitina ce. Wasu sun halatta, suna kafa hujja da hadisin da ya ce jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne, da kuma cewa wanda aka ɗauka aiki ba a tilasta masa ci gaba idan wanda ya ɗauke shi ya fara karya sharaɗi. Na fi karkata ga halacci idan dokar ƙasa ta yarda da shi, domin a lokacin ya zama wani ɓangare na yarjejeniyar da aka ɗauke ku a kanta, matuƙar an ƙure hanyoyin sulhu, ba a lalata dukiya ba, ba a tsoratar da wanda ya ƙi shiga ba. Sai dai yajin malamin makaranta ba ɗaya yake da na ma'aikacin masana'anta ba. Can mai kamfani ne yake asara, nan kuwa yaron da ba shi da hannu a rigimar, wanda iyayensa ba za su iya kai shi makarantar kuɗi ba, kuma zangon karatun da ya wuce shi ba ya dawowa. Ƙa'idar ba cuta ba cutarwa tana wajabta yajin ya zama mai wa'adi, a nisanta shi daga lokacin jarrabawar ƙarshe, a kuma rama darussan da aka rasa.

To kai, kafin ranar ƙuri'a, ka nemi a karanta muku sharuɗɗan kwangilar. Idan ka ga za a sanya wa yara kuɗi, ko a tace su, ko a cinye muku haƙƙin da kuka riga kuka tara, ko aka ƙi nuna takardar gaba ɗaya, ka goyi bayan yajin bisa iyakokin da na ambata, ba ka da laifi. Idan kuwa an kiyaye waɗannan duka, abin da ya rage kawai shi ne ƙin a auna aikin malamai da ƙin a taɓa masu fashin aji, bai halatta ka goyi baya ba, ko da za a kira ka maci amana. A wajen taron kuma ka tashi ka faɗi abin da ka faɗa mini game da halin da makarantar take ciki, ka nemi ƙungiya ta gabatar da nata shirin gyara, wanda zai fara da mambobinta da ba sa shiga aji.

Allah ne Mafi sani.