Bitar mako guda ba ta isa ba

Malama, kin tambaya ko bitar mako guda ta isa malami ya iya koyar da karatu daki-daki. Gaskiya da sauran rina a kaba. A zauren bita kowa gwani ne, aji ke tona asiri. Sai ki ga malami ya rubuta "m" a allo, ya faɗi sunan harafin maimakon sautinsa, yara na ta amshi, amma ba mai iya haɗa "ma" da "ta". Maganin abin, gogaggen malami ya riƙa zama a bayan aji yana saurare, in an tashi ya yi masa gyara ɗaya tak, ba goma ba. A kuma ba shi jagoran darasi mai jera sautuka daga masu sauƙi zuwa masu wuya.