Bushewa ko Ƙulluwa? Amsoshin Tambayoyinku

Wani ɗalibin harhaɗa magunguna daga Idi-Araba ya tambaya: da wace kalma za a kira aikin da haske ke yi wa mitsi-mitsin ƙwayoyin polima masu ɗaukar magani har su daina wargajewa? Ya ce abokan karatunsa "bushewa" suke cewa.

Bushewa ba ta dace ba ko kaɗan, kuma abin takaici ne yadda ta kama bakin mutanenmu, har idan likita ya cike ramin haƙori ya haska masa shuɗin haske na 'yan daƙiƙoƙi, sai ka ji an ce "ya busar da shi". Abin da ya bushe, ruwa ne ya fita daga cikinsa, a nan kuwa ba fitar ruwa ke kawo ƙarfin ba. Polima dogayen zaruruwa ne na sinadari, wasu nau'o'insu ne ke taruwa da kansu cikin ruwa su dunƙule, magani yana tsakiya, faɗin dunƙulen sau da yawa bai kai nanomita 200 ba (nanomita ma'aunin tsawo ne ɗan mitsitsi ƙwarai). Da zarar jini ya surka su, dunƙulen na iya warwarewa, maganin ya zube tun bai isa inda aka nufa ba. Shi ya sa masana kan liƙa wa zaruruwan sinadari irin kumarin, wanda idan hasken UV (wani haske da ido ba ya gani) mai zangon nanomita 365 ya same shi, sai ya kama ɗan'uwansa na jikin zaren da ke kusa. Sunan wannan ƙulluwa, kuma hujjata ita ce hasken UV na nanomita 254 yana iya kwance shi, ƙulli kuwa shi ake kwancewa. "Daskarewa" ma a bar wa man shanu, wanda sanyi ke kamawa, wuta ta narkar.

Wata baiwar Allah daga Agege ta tambaya ko "tsintsiya maɗaurinki ɗaya" ya dace da wannan batu.

Rabi da rabi, Malama. Karin maganar yana nufin jama'a da abu guda ya haɗa kansu, alhali a ƙwayar polima maɗauran suna da yawa, kowane zare ya sarƙe da maƙwabtansa a wurare dabam-dabam.

Daga Obalende: mene ne nanomita da Hausa?

Kashi ɗaya cikin biliyan ɗaya na mita. A bar kalmar yadda take, kamar yadda muka karɓi mita da lita.